Kurakuran da ke rusa binciken haɗin gwiwa a jami'a

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 a 2015, jami'o'i suka ƙara himma wajen zaunar da injiniya da likita da masanin zamantakewa a teburi ɗaya, su tunkari sauyin yanayi ko ƙarancin ruwa. Madalla. Sai dai na gaji da ganin sababbin shiga suna afkawa ramin da na taɓa afkawa.

Wanda har yau nake jin takaicinsa shi ne fara aiki ba tare da an daidaita ma'anar kalmomi ba. A wani bincike kan ambaliya, mu 'yan ɓangaren ruwa muna ƙirga "gida" a matsayin rufin da muke gani a hoton tauraron ɗan adam. Su kuma masu nazarin zamantakewa, gida a wurinsu iyali ne, ko da iyali uku ne ƙarƙashin rufi ɗaya. Babu wanda ya tambayi wani, kowa na ganin ai gida gida ne. Ranar da muka zo haɗa alƙaluma, suka ƙi haɗuwa. Ruwa ya riga ya janye, mutane sun watse, ba halin sake ƙirga. Ɗalibar da ta jingina digirinta na uku a kan bayanan nan ta zauna gaban kwamfuta ta yi shiru, ni kuma na rasa bakin magana. Kada ka ce mu ne sakarkaru: a 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter da ta aika duniyar Mars saboda wani rukunin ma'aikata yana lissafi da tsarin awo na fam da inci, wani kuma da na kilo da mita. Yanzu duk aikin da na shiga, makon farko kowa sai ya rubuta kalmomi goma da ya fi amfani da su, ya karanta ma'anarsu a gaban sauran. Farfesoshi na ɓata rai, wai an mayar da su 'yan firamare. Su ɓata.

Sai halin nan na kiran masanin zamantakewa ana saura kwana biyu a miƙa takardar neman tallafi, don kawai sunansa ya ƙawata ta. Wannan raini ne, kuma ku da kuke yi kun san kanku. Kun gama tsara tambayoyi, kun raba kuɗi, sannan ku ce ya je ya "wayar da kan jama'a". Da wane kai? Ku tuna Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo a 2014. Likitoci sun san gawa na yaɗa cutar, amma mutane suka riƙa ɓoye mamatansu saboda yadda ake kwashe su. Sai da aka saurari masana al'ada da malaman addini, aka sake tsarin binnewa ta yadda dangi za su halarta, sannan aka samu haɗin kai. Ni dai ba na sa hannu a takardar da ba a yi gardama a kan tambayar bincikenta da kowa a zaune ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Ku rubuta jerin sunayen marubuta kafin a samu sakamako, domin wani fannin na farko yake girmamawa, wani na ƙarshe, masana lissafi kuma bin haruffa suke yi. Kada asusun aikin ya zauna a hannun sashe ɗaya. Ku tambayi ƙaramin malami ko mujallar da za a buga aikin tana cikin waɗanda sashensa ke ƙirgawa wajen ƙarin girma. Taron da ya wuce mutum goma kuwa, ni wakili nake turawa.