Darasi na 9: Ciwon Nimoniya da Rikicewar Bugun Zuciya

Duk mutumin Kabi ya san ciwon haƙarƙari, wanda a asibiti ake kira nimoniya. Yakan yi yawa da hunturu, lokacin da ƙura ta turnuƙe, ana kuma kwana da hayaƙin itace a ɗaki a rufe. Mukan ce sanyi ne ya kama mutum, alhali ƙwayoyin cuta ne ke shiga huhu su cika shi da ruwa da mugunya. Daga nan sai tari, da zazzaɓi, da sukar ƙirji, numfashi ya koma sama-sama.

To ina ruwan zuciya a ciki? Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Aikinsu kamar lugude ne: mata biyu a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga taɓarya, waccan ta sauke. Idan huhu ya kasa ba jini isasshiyar iska, ga zazzaɓi, ga ƙarancin ruwa a jiki, sai luguden ya ɓaci. Ɗakunan sama su dinga karkarwa kawai, bugu ya zo da sauri, ya tsallake, ya sake zuwa. Jini kan taru ya daskare a cikin zuciya, kuma idan gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, shi ke kawo shanyewar ɓarin jiki.

Likitoci sun lura cewa mai nimoniyar da bugunsa ya rikice yakan fi daɗewa a gadon asibiti, kuma ransa ya fi shiga haɗari. Abin ya fi samun tsofaffi, da masu hawan jini, da masu ciwon suga ko tsohon ciwon zuciya.

Ga abin da mai jinya zai iya yi da hannunsa. Ɗora yatsu biyu, manuniya da na tsakiya, a wuyan hannun maras lafiya ta gefen babban yatsa. Kada ka danna da ƙarfi. Dubi agogon wayarka, ka ƙirga har minti ɗaya cif. Babban mutum da ke hutawa, bugunsa kan kama daga 60 zuwa 100. Amma kada lissafi ya ɗauke maka hankali: saurari tafiyar bugun, shin a jere yake ko yana tuntuɓe? Ƙirga numfashi ma. Idan ya kai 30 a minti, ko tsoho ya fara sambatu, batun jiƙo ya ƙare, sai asibiti. Daga ƙauyukan Argungu ko Jega, gara a kama hanyar Birnin Kebbi da rana tsaka da a jira dare.

Mu dai akwai mu da kunyar ma'aikata, ba ma son a ce mun cika surutu. Wannan ba wurin kunya ba ne. Je ki ce: "Sista, don Allah zo ki duba Baba, bugunsa yana tsallakewa." Za su maƙala masa ɗan abin auna iska a yatsa, su kuma yi gwajin zuciya da ake kira ECG, wanda ba ya ciwo. Ki nuna musu duk maganin da aka sayo a kemis, har da na gargajiya, domin wasu magungunan da kansu kan taɓa bugun zuciya.

Aikin aji: kowa ya kama hannun na kusa da shi, maza da maza, mata da mata. A ƙirga bugu na minti ɗaya, a rubuta lambar a littafi. Sannan a rubuta kalma ɗaya a gefenta: "daidai" ko "tsallake".