Yadda na gyara kibiyoyina masu kaɗa wutsiya

Sati biyu kibiyoyina suna kaɗa wutsiya a iska, su sauka a karkace daga nisan mita 18. Na sauya tsirkiya, na murza kowace kibiya in ga ko ta lanƙwashe, duk a banza.

Sai na shafa jan-baki a gefen fukafukan roba da ke wutsiyar kibiya, na harba. Jan layi ya fito ɓaro-ɓaro a majinginin kibiya, wato inda kibiya ke kwanciya a jikin baka, ashe fiffike ɗaya ke gogar wurin. Na ɓanɓare duka ukun, na goge tsohon gam, na sake manna su da tazarar digiri 120, santimita 2.5 daga tsagar da tsirkiya ke shiga, kowanne a karkace digiri 2 don kibiyar ta riƙa juyawa. Fiffike ɗayan mai launi daban na juya shi waje, nesa da jikin baka.

Yanzu suna tafiya ɗoɗar, alhamdulillahi.