Yadda ƴan fada za su karanta Le Fléau tare har ƙarshe

Littafin Stephen King mai suna The Stand, wanda masu Faransanci suka sani da Le Fléau, ya wuce a miƙa wa ƴan fada, wato abokan zaman shayi, a ce mu haɗu ƙarshen wata. Yana bukatar tsari na kusan wata huɗu.

Kafin komai, a daidaita bugu. Na 1978 shafi 823 ne, na 1990 da aka mayar wa abin da aka yanke ya kai shafi 1,152, kuma an matsar da labarin daga 1980 zuwa 1990. Masu baza tsofaffin littattafai a bakin titin Yamai ba ruwansu da wannan bambanci, sai mai saye ya duba da kansa. In biyu na riƙe da gajeren, sauran na riƙe da cikakken, za a yi ta gardama kan abin da wasu ba su taɓa gani ba. A ɗauki cikakken. Na aljihu da Faransanci juzu'i biyu ne, kada a sayi na farko sai an ga na biyu.

A raba karatu da lambar babi, domin lambar shafi tana sauyawa tsakanin takarda da waya. Babi 78 ne a kashi uku. Kashi na farko, babi 1 zuwa 42, gajeru ne masu gudu, shida a mako ya yi. Nan murar Captain Trips ke kuɓucewa daga sansanin sojan Amurka ta kashe kashi 99.4 cikin 100 na mutane.

Kashi na biyu, babi 43 zuwa 60, shi ne inda fada ke watsewa. Babukan sun yi tsawo, annoba ta gama ɓarnarta, waɗanda suka tsira sun taru a garin Boulder na Amurka suna taron kwamiti, suna kwashe gawawwaki, suna neman dawo da wutar lantarki. Wanda ya zo don tsoro sai ya fara hamma, mako biyu ka daina ganin takalminsa a bakin tabarma. Maganinsa a sauko zuwa babi uku a mako, a kuma sauya tambaya. A bar "me ya faru", a koma "da mu ne, wa za mu naɗa, me za mu fara gyarawa, famfo ko asibiti?" Mutumin da ya kwana a zafin Afrilu ba wuta yana da abin faɗa a nan fiye da yadda yake zato. Kashi na uku yana jan kansa da kansa, mako huɗu sun isa.

Mutum shida zuwa takwas ne daidai, kuma zama kada ya wuce dahuwar shayi uku. A na farko mutum ɗaya ya taƙaita babukan cikin minti biyar, a na biyu a yi muhawara, a na uku a yanke na mako mai zuwa. A ajiye kaye, wato littafin rubutu, guda na sunaye, don mutanen labarin suna da yawa. Kowa ya riƙe ɗaya yana bin sawunsa: Stu Redman, Frannie, Larry, Nick kurma, Harold. A ba mai haƙuri Harold, lalacewarsa a hankali take zuwa.

Zaman farko yana da tambayar da ta fi kowace zafi. Wani soja mai suna Campion ya tsere daga sansanin da cutar ta kuɓuce, da matarsa da ƴarsa, ya kai cutar har Texas. A ɗora wannan kusa da hadisin da ya hana fita daga garin da annoba ta sauka, a ji bakin kowa.

Abu biyu kuma a faɗe su tun ranar farko. Akwai batsa, zagi da kisa ƙuru-ƙuru, kuma a cikinku ba a rasa wanda sanƙarau na 2015 ko korona ta ɗauke wa wani. Duk wanda ya ce zai tsallake babi, a bar shi ba tare da tambaya ba. Wanda kuwa ya kalli fim ɗin 1994 ko na 2020, ko ya yi gaba da karatu, ya kama bakinsa. In ya tona abin da ke gaba, sukari da gawayin mako mai zuwa na wuyansa.