Yadda Za Ka Koyar da Matasa Batun Bangaskiya da Shari'a

In an ba ka ajin matasa ranar Lahadi a coci a nan Katsina, aka ce ka yi bayanin yadda mutum ke zama mai adalci a gaban Allah, to kar ka fara da Martin Luther da gyaran coci da ya fara a 1517, barci za su yi maka.

Fara da Ibrahim. Ka sa ɗaya ya buɗe Farawa 15:6 ya karanta da ƙarfi, inda Ibrahim ya ba da gaskiya aka lasafta masa ita adalci, sai ka tambaye su, lokacin akwai Shari'ar Musa? Ka yi shiru su ɗan yi gardama tukuna, kar ka yi saurin ba da amsa. Daga nan ka kai su Galatiyawa 3:17, can Bulus ya ce Shari'a ta zo ne shekara 430 bayan alkawarin da Allah ya yi wa Ibrahim, kaciyar ma sai a Farawa 17 ta shigo.

Ni misalin madubi nake ba su, zai nuna maka dattin fuskarka amma ai ba shi zai wanke ta ba, haka Shari'a take a Romawa 3:20.

Dole wani ya ɗaga hannu ya ce to Malam ke nan mu yi abin da muka ga dama? Kar ka harare shi, tambaya ce mai kyau. Ku karanta Romawa 6:1-2 da Yakubu 2:17, sannan Afisawa 2:8-10, kuma don Allah kar ka tsaya a aya ta 9 kamar yadda wasu ke yi, ta 10 ɗin ce ke maganar ayyuka nagari.