Yadda za ka fara lissafin karon ƙwayoyin zarra masu nauyi da laftop ɗinka

Ƙanena da muke zaune tare a Agege ya tambaye ni, "Yaya, wai me kake lissafawa har ƙarfe biyun dare, alhali ƙasar nan ba mu da injin da zai harba zenon kan dalma?" Gaskiyarsa, irin waɗannan injina suna Faransa da Japan da Rasha da Amurka, amma shi lissafin ba ya buƙatar biza, laftop da data kawai, to ga yadda ni na bi.

Ka fara sanin me ake farauta. Cibiyar kowace zarra furoton da nyutron ne a dunƙule, kuma lambar da ke bin sunanta jimillarsu ce. Muna neman ƙwayoyi masu nyutron 126 amma furoton ɗinsu bai kai 82 na dalma ba, irin osmiyom-202 mai furoton 76. Ta kansu ake bi a samu zinariya da filatinom idan taurarin nyutron suka yi karo, kamar wanda aka hango a Agustan 2017. Matsalar ita ce in ka narkar da ƙwayoyi biyu suka zama ɗaya, abin da ke fitowa nyutron ɗinsa ya yi ƙaranci, shi ya sa a 2008 Zagrebaev da Greiner suka ba da shawarar a harba zenon-136 kan dalma-208 su gogi juna kawai, su yi musayar furoton da nyutron, su rabu. Kamar motocin haya na danfo biyu ne su gogi juna a Oshodi, fasinjoji su tsallaka daga wannan zuwa waccan kafin kowacce ta wuce, sai dai nan duka abin wajen 10^-21 na daƙiƙa ne.

Kafin ka taɓa kwamfuta ɗauki biro. Furoton 54 na zenon sau 82 na dalma sau 1.44, ka raba da tazarar kusan femtomita 15 (femtomita ɗaya 10^-15 na mita ne), za ka samu wajen MeV 425 (MeV ma'aunin makamashi ne), wannan shi ne katangar da turereniyar caji ke ginawa tsakaninsu. Ka zaɓi ƙarfin karo sama da ita kaɗan, kar ka zarce sosai, zan faɗi dalili. Sai ka sauke teburin nauyin ƙwayoyi na AME2020, kyauta ne, ka duba kowace musaya makamashi take ci ko bayarwa.

Daga nan ka shiga shafin NRV na cibiyar binciken nukiliya ta Dubna a Rasha ka gwada GRAZING, tsarin lissafin irin wannan musaya da Aage Winther ya kafa, a burauza yake gudana. Yana ƙoƙari in nyutron ɗaya ko biyu ne suka tsallaka, amma da zarar furoton da yawa sun motsa sai ya ba ka adadi ƙasa da abin da aka auna nesa ba kusa ba, kuma can ɗin ne fa muke nema. Don haka mutane ke komawa wasu hanyoyin lissafin, wato tsarin DNS ko na Langevin. Akwai ma manhajar Sky3D mai bin wata hanyar lissafin da ake kira TDHF, a buɗe yake ga kowa, amma wallahi wannan ya fi ƙarfin laftop irin tawa, sai an samu babbar kwamfuta.

Yanzu inda na fi so ka tsaya. Abin da ya fito daga karon da zafinsa yake fitowa, kuma yana hucewa ne ta hanyar zubar da nyutron, kowanne ya tafi da MeV 8 zuwa 10 haka. Wato abin da ka sha wahalar tarawa shi yake fara watsarwa. Ni sai da na yi sati guda ina murna na ga osmiyom-202 da yawa a sakamakona, ashe ban bi da shi ta GEMINI++, manhajar da ke lissafa wannan hucewar, ba, ina sakawa adadin ya rushe, ranar ko shayin mai shayin layinmu ban iya sha ba. Wannan ne dalilin da na ce kar ka cika ƙarfin karo, ƙarin ƙarfi ƙarin zafi ne, ƙarin asarar nyutron.

Kuma don Allah kar ka yi hasashen sabon abu sai lissafinka ya maimaita wanda aka riga aka auna. Nemo sakamakon zenon-136 kan filatinom-198 da Watanabe da abokan aikinsa suka auna a cibiyar GANIL ta Faransa, aka wallafa a 2015, ka ɗora layinka kan ɗigoginsu a ma'aunin logaridim, furoton ɗaya bayan ɗaya, ka ga daidai inda kuka fara rabuwa. Ka riƙa adana fayil bayan kowane zagaye, don ni an taɓa ɗauke min wuta ana saura kaɗan lissafin awa shida ya kammala, batiri kuma ya riga ya mutu.