Ka kashe ta kafin ka ɗora a aboboyaa: kwamfuta, UPS da tashin gida a Kumasi

Wani yaro ɗan garinmu, wanda bai fi wata huɗu da zuwa Kumasi ba, ya same ni a shago bayan sallar la'asar. Ya samu ɗaki a Tafo, zai bar wanda yake ciki a Aboabo, ga shi maigidan ya ce gobe da sassafe yake son makullinsa. Kwamfutarsa ta tebur kuwa tana tsakiyar haɗa bidiyon wani biki, aikin da ya ce sai ya ci awa biyar kafin ya kammala. Ya ce, "Yaya, tunda ina da UPS, ba sai in zare daga bango in ɗora su tare a aboboyaa ba? Ta ci gaba da aikinta a hanya." Aboboyaa shi ne keken nan mai ƙafa uku da ake ɗaukar kaya da shi.

Na ce masa a'a. Amma tunanin nasa ba na wauta ba ne, kuma na ji irinsa daga bakin mutum fiye da ɗaya, shi ya sa na ga ya dace in rubuta wa duk wanda ya zo garin nan da kwamfuta yake cin abinci, ko mai buga takardu ne, ko mai zana katin biki, ko ɗalibi a jami'ar KNUST.

Shi UPS akwati ne mai batir a ciki, yana zama tsakanin bango da kwamfuta. Idan an ɗauke wuta sai ya karɓi aikin cikin ƙiftawar ido, tun kwamfutar ba ta ankara ba. Ƙananan da aka fi sayarwa a shagunan Adum, masu 650VA, batir guda ne a cikinsu, mai bolt 12 da 7Ah. Idan ka ninka biyun za ka samu 84, wato abin da zai ba da wat 84 na tsawon awa guda a kan takarda. Kwamfutar tebur da allonta suna iya jan wat 150 ko fiye, musamman in tana aikin bidiyo. A lissafi rabin awa ke nan, amma batirin dalma ba ya ba da duk abin da ke cikinsa idan aka ja shi da ƙarfi, kuma wani abu yana salwanta wajen juya wutar. Abin da za ka samu a zahiri minti goma ne zuwa sha biyar idan batirin sabo ne, tsoho kuwa wani lokaci ko biyar ba ya kaiwa. To yanzu ka kwatanta da saukowa da kaya, ɗaurewa, cunkoson hanyar Tafo da yamma, sannan neman soket a ɗakin da ba ka sani ba. Batirin zai mutu kana kan titi, aikin da kake gudun katsewa ya katse ta hanya mafi muni.

Ko da batirin zai kai, akwai abin da ya fi wannan damuna. Yawancin kwamfutocin da muke saya na hannu suna da faifan ajiya irin na da, wanda ake kira had-dis. A cikinsa faranti ne ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, ga wata 'yar allura tana shawagi a kansa, tazarar da ke tsakaninsu ba ta ko kusa da kaurin silin gashi ba. Idan kwamfutar a kashe take, allurar tana komawa gefe ta kwanta. Idan a kunne take, rami ɗaya ya isa ya sa ta kartar farantin. Aboboyaa kuwa, duk wanda ya taɓa zama a bayansa ya san yadda yake jijjiga mutum a lungunan zango. Na taɓa ganin mai buga takardu da ya rasa aikin shekara uku ta haka, har da takardun filaye na mutane da suka ba shi amana. Kuɗin sabon faifai ba shi ne abin baƙin cikin ba.

Idan daga wannan kusurwar ɗaki ne zuwa waccan, ko daga shago zuwa na kusa da shi, kuma ajiyarka SSD ce wadda ba abin da ke motsi a cikinta, to ana iya yi. Ku zama ku biyu, ɗaya ya riƙe UPS ɗaya ya riƙe kwamfutar, a cire allon don rage jan wuta, a tabbatar soket ɗin da za a koma yana aiki tun kafin a zare. Ka tuna dai da zarar ka zare shi daga bango, wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta ta yanke, alhali bakinsa yana fitar da bolt 230 kamar yadda bango yake yi. Kada a yi da jiƙaƙƙen hannu, kada yara su kusato.

Ga tashi na gaske kuwa, hanyar a bayyane take. Kwafi muhimman ayyukanka a wani faifan daban ko filasha, ka sa a aljihunka, ba cikin kwalin kwamfutar ba. Idan abin da kake so shi ne ka tarar da shafukanka a buɗe yadda ka bar su, Windows tana da Hibernate, wanda ke rubuta komai a faifai sannan ya kashe injin gaba ɗaya. Kada ka haɗa shi da Sleep, shi wannan yana buƙatar wuta ko da kaɗan ce. Ɗauki hoton bayan kwamfutar da wayarka kafin ka zare wayoyi. Kashe UPS ɗin da maɓallinsa, don in ka zare shi kawai zai yi ta kuka yana cinye batirinsa. Kwamfutar ka naɗe ta da bargo ka riƙe a cinya a cikin tasi, katifa da tukwane su bi aboboyaa. In damina ce, ka sa leda, domin ruwan Kumasi ba ya sallama, ga shi sau biyu yake zuwa a shekara.

Sai maganar sabon ɗaki, wadda ita ce sababbin zuwa suka fi yi wa sakaci. Mutum ya biya hayar shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, duk da dokar haya ta 1963 ta tsaya a wata shida, hankalinsa yana kan kuɗin da ya fita, bai ko duba bango ba. Kafin ka biya, ka tambayi mita. Ta ɗakinka ce kai kaɗai, ko ta gida ce gaba ɗaya? A gidajen haya da yawa mita guda ce, irin wadda ake saka wa kuɗi tukuna, ana raba kuɗin gwargwadon kayan wutar kowa: ƙwan fitila, fanka, dutsen guga, firji. Ka faɗa wa maigida tun ranar farko cewa kana da kwamfuta, ku yi magana a kan rabonka. Ɓoyewa kan jawo rigimar da ta fi kuɗin wutar tsada, kai kuwa baƙo ne. Kuma a irin wannan gida ana iya rasa wuta ba don ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana, ta ɗauke ba, sai don kuɗin mita ya ƙare da tsakar dare. Nan ne UPS yake biyan kuɗinsa.

Ka kira mai wayarin ya gwada soket ɗin, ya gaya maka ko akwai wayar ƙasa, domin tsofaffin gidaje da dama babu. Wanda ya zo daga Najeriya filoginsa mai ƙafa uku zai shiga kai tsaye, iri ɗaya ne da na nan. Ɗan Nijar mai filogi mai zagayayyun ƙafa biyu ya sayi sabuwar waya mai kai irin na nan, ya fi cusa ta da tsinke kamar yadda wasu ke yi.

Za ka ji ana cewa dumsor. Kalmar Twi ce, dum kashewa, sɔ kunnawa, kuma ta yi suna a shekarun 2012 zuwa 2016 lokacin da wutar ƙasar ta yi ƙaranci ƙwarai, har ana ɗaukewa bisa jadawali. Wanda ya saba da wutar gida zai ga ta nan da dama-dama, sai ya saki jiki. Amma ba tsawon ɗaukewar ke lalata kwamfuta ba, yankewar farat ɗaya ce da kuma ƙarfin da take dawowa da shi. Saboda haka in za ka sayi UPS, nemi wanda aka rubuta AVR a jikinsa, mai daidaita wuta idan ta yi ƙasa ko ta yi sama. Na hannu kuwa, ka ɗauka batirinsa ya gaji har sai an gwada a gabanka: a jona kwamfuta, a zare daga bango, ka duba agogo. Batirin dalma shekara uku zuwa biyar yake yi a wuri mai sanyi, zafi kuma yana rage masa kwana sosai, don haka kada ka cusa shi bayan labule ko ƙarƙashin tarin kaya. Kada ka jona masa dutsen guga, ko hita, ko firinta mai lesa. Bayan ka sauka, bar shi a bango awa shida zuwa takwas ya cika kafin ka dogara da shi.

Yaron nan dai mun je tare wurin maigidan bayan magariba, muka gaisa, muka roƙi alfarmar zuwa hantsi. Dattijon ya ce ba komai, Allah ya ba da sa'a. Bidiyon ya kammala da daddare, ya kwafe shi a filasha, ya kashe kwamfutar, da safe ya shiga tasi da ita a cinyarsa.