Yadda Ake Shirya Tafiya Bakin Teku a Mota Mai Ɗaki Lokacin Hunturu

A Amurka da Kanada, da zarar sanyi ya kama a watan Nuwamba, mutane da yawa, musamman tsofaffin da suka ajiye aiki, sukan shiga motocin da aka ƙera da gado da madafa da banɗaki a ciki, su nufi kudu zuwa jihohin Fulorida da Tekzas, su zauna a bakin teku har sai ƙanƙara ta narke a garuruwansu. Mutanen Faransa da Jamus ma haka suke yi, sai dai su Sifen da Fotugal suke dosa, wasu kuma su ƙetara zuwa Agadir a Maroko. Mu a Damagaram ba mu san ƙanƙara ba, amma mun san ɗarin Disamba da Janairu, lokacin da sanyin asuba ke sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka, hazo ya rufe gari, masu asma da tsofaffi su kwana suna tari. A waɗannan watannin ne bakin tekun Benin da Togo ke cikin rani, da ɗumi na kusan digiri 30, saboda haka wanda yake da hali da lokaci zai iya yin irin wannan tafiya, muddin ya fahimci cewa motar ce za ta zama gidansa, kuma shirin gida za a yi mata.

Irin waɗancan motoci na Turai ba su da yawa a wajenmu, kuma idan wani abu ya lalace a jikinsu samun kayan gyara yana da wuya. A ganina ƙaramar bas irin Toyota Hiace ta fi dacewa, domin babu garin da za ka tsaya tsakanin Damagaram da Kwatano da za ka rasa makanikin da ya san cikinta. A cire kujerun baya, mai walda ya haɗa gado na ƙarfe marar nauyi, ya bar sarari a ƙarƙashinsa na ajiye kaya, kafinta kuma ya yi akwatuna masu sakata, saboda duk abin da ba a ɗaure ba zai zube a ramin farko da taya ta faɗa. A sa raga a tagogi, kuma a haɗa rumfar tamfol a gefen motar, domin yawancin zamanka a ƙarƙashinta zai kasance, ba a cikin motar ba.

Batun ruwa shi ne wurin da ya kamata a daɗe ana lissafi, kuma mutumin Damagaram, wanda ya tashi yana ganin yadda ake tattalin kowace jarka, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan darajarsa. Abin da ake mantawa shi ne nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato jarka huɗu masu lita 25 sun kai kilo 100 kafin a ɗora buhun shinkafa da tukunyar gas da mutane. Idan aka ware wa kowane mutum lita 20 a yini domin sha da girki da alwala da ɗan wanka, iyali mai mutum huɗu zai cinye lita 80, ke nan jarkokin nan huɗu ba za su kai kwana biyu ba. Maganin wannan ba ƙara lodi ba ne, domin lodin da ya wuce ƙima yana karya sifirin kuma yana hana birki kamawa da wuri. Abin da ya fi shi ne ka zaɓi masaukin da ke kusa da famfo, ka ware jarkar ruwan sha daban da alamar da kowa zai gane, ka kuma ajiye jarkokin a ƙasa tsakanin tayoyin gaba da na baya, kada a ɗora su a kan rufi.

Game da wuta, kada ka jona fanka da firij da cajin waya a batirin da ke tayar da injin. Ka sayi batir na biyu, ka sa masa faifan sola a kan rufi. Batir mai amfiya 100 a kan bolt 12 yana riƙe wutar da ta kai wat 1,200 na awa ɗaya, amma idan irin na dalma ne, rabinta kawai ya kamata ka ci, in ba haka ba zai mutu da wuri. Faifai mai wat 200 zai wadatar da fitilu da fanka da ƙaramin firij, sai dai a riƙa goge shi kowace safiya. Girki kuwa a waje ake yin sa. Wannan magana ina yin ta da babbar murya: kada a kunna gawayi a cikin mota a rufe, ko da na dafa shayi ne, domin yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci.

Hanyoyi biyu ne a gabanka. Ta farko ta bi yamma, daga Damagaram zuwa Maraɗi da Birnin Ƙwanni da Dosso, a karkata kudu zuwa Gaya, a haye gadar kogin Kwara zuwa Malanbil, sannan Kandi da Paraku da Bohikon har Kwatano, tafiyar da ta haura kilomita 1,600. Amma an rufe wannan iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kuma arewacin Benin yana fama da matsalar tsaro, don haka kada ka ɗaura niyya a kanta sai ka ji daga bakin direbobin manyan motoci halin da ake ciki a makon da za ka tashi. Ta biyu ta bi Matamaye zuwa iyakar Ɗan Barto da Kwangwalam, a wuce Daura a shiga Kano, wajen kilomita 240, daga nan a yi kudu har Legas, a bi ta Badagiri a fita ta iyakar Seme. Kowace ka bi, ka raba ta kwana huɗu ko biyar, ka tashi bayan sallar asuba, ka sauka kafin la'asar sakaliya, kuma kada ka kwana a daji. Fatakenmu na dā da suke zuwa Gwanja sayen goro ba su taɓa tashi ba tare da sanin zangon da za su yada ba, kai ma ka san garin da za ka kwana tun kafin ka tayar da mota.

Takardu su kasance a jaka ɗaya, da kwafinsu a wani wuri dabam: fasfo, lasisin tuƙi, takardar mallakar mota, inshorar da ke aiki a ƙasashen da za ka ratsa, da izinin shigar da mota na wucin gadi wanda jami'an kwastan ke bayarwa a iyaka. Ka duba ranar ƙarewar wannan izini tun kana gaban mai ba da shi. Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a ranar 29 ga Janairu 2025, saboda haka ka je kamfanin inshorarka ka tabbatar da inda takardarsu take aiki. Katin rigakafin shawara ma ana tambayarsa, kuma ba ya fara aiki sai kwana 10 bayan allurar. Sefa ɗin da ke aljihunka ita ce kuɗin Benin da Togo, Najeriya ce kawai za ta bukaci canji.

Idan ka isa, tsakanin Kwatano da Wida akwai hanya ta kusan kilomita 40 da ke bin gaɓar teku a cikin itatuwan kwakwa da ƙauyukan masunta, gaba kuma akwai Giran Popo inda kogin Mono ke shiga teku, kusa da iyakar Togo. Filayen zango irin na Amurka, masu wuta da famfo ga kowace mota, ba su yawaita a nan ba. Abin da ake yi shi ne a daidaita da mai ƙaramin masauki ya bar ka ka ajiye mota a harabarsa, ka riƙa amfani da ruwa da banɗaki, kuma ciniki na wata ya fi na kwana sauƙi. Hausawan unguwar Zango a Kwatano su ne farkon waɗanda ya kamata ka nema, su nuna maka masallaci da mahauci da wurin da ya dace da iyali. Wida takan cika maƙil a wajen 10 ga Janairu saboda bikin gargajiya na shekara, wanda ke son natsuwa sai ya kauce wa garin a makon. Kuma ga wanda ke bin mazhabar Malikiyya, kasaru tana ƙarewa da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu.

Teku ba tafki ba ce, kuma gaɓar nan an san ta da igiyar ruwa mai ƙarfi da ke jan mutum zuwa ciki. Wanda ta ja kada ya yi kokawa da ita, ya yi iyo a gicciye, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta; wanda bai iya iyo ba kuwa kada ruwa ya wuce gwiwarsa, yara kuma a riƙe hannunsu. Ruwan yana cikowa sau biyu a yini, kuma kullum yana jinkirta da kusan minti 50, saboda haka rairayin da ka gani a bushe da safe zai iya nutsewa da yamma. Ka ajiye mota a bayan layin itatuwan kwakwa, amma ba a ƙarƙashinsu ba, domin kwakwa ɗaya ta isa ta fasa gilashi ko faifan sola.

Iskar bakin teku tana ɗauke da gishiri da laima. Gishirin yana cin ƙarfe, don haka a wanke ƙarƙashin mota da ruwan famfo kowane mako, a shafa giris a kan batir da sakatu. Laimar kuma takan sa kilishi da garin gero, waɗanda suke yin watanni lafiya a Damagaram, su yi fumfuna cikin ƴan kwanaki idan ba a rufe su a mazubi mai matsewa ba, katifa ma sai ana shanya ta a rana. Sauro a can ba ya jiran damina, shi ya sa gidan sauro mai magani wajibi ne kowane dare, kuma duk wanda ya ji zazzaɓi a kai shi gwaji a ranar. Ka kama hanyar gida a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, kafin manyan ruwan sama na kudu su fara a watan Afrilu, kuma kafin ka juyo a sauya man inji, a duba birki da tayoyi, domin sun sha gishiri wata biyu ko uku.